ZUBAR GASHI DA SANƘO: TAMBAYOYI DA AMSOSHI DOMIN HAKIMAI DA MAGATAKARDA

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da magatakardansu da sauran malaman da ke aiki a ofisoshinsu, saboda su ne jama'a su kan fara nufa in wani al'amari ya ɗaure musu kai. Maganar maganin sanƙo ta cika kasuwanni da gidajen rediyo da wayoyin hannu. Masu talla suna yawo da kwalabe suna rantsuwa cewa gashi zai fito cikin mako biyu, waɗansu samari kuma suna tara kuɗi domin su tafi ƙasashen waje a dasa musu gashi. Cikin wannan hayaniya akwai gaskiya, akwai kuma ƙarya mai yawa, talaka kuwa ba shi da ma'aunin da zai rarrabe su.

Watakila wani ya ce sanƙo ai ba ciwo ba ne, me ya kawo shi cikin sha'anin mulkin ƙasa? To, zubar gashi iri-iri ce. Wata gado ce kurum, ba ta cutar da kowa. Wata alama ce ta ciwon da ke ɓoye cikin jiki, wanda in an gano shi da wuri a kan warke. Wata kuwa yaɗuwa ta ke yi tsakanin yara ta hanyar aska da mataji, in aka ƙyale ta sai ta bar wa yaro tabon da ba shi gogewa. Bayan wannan akwai dukiyar mutane da ke salwanta a hannun 'yan damfara. Saboda haka ya kamata shugaban jama'a ya san amsar tambayoyin da ke biye.

1. Yaya gashi ya ke tsirowa, kuma me ya sa ya ke zuba?

A kan mutum akwai gashi wajen 100,000, wani sama wani ƙasa. Kowane gashi yana fitowa ne daga wani ɗan rami cikin fata, inda tushensa ya ke. Da waɗannan tusoshi a ke haihuwar mutum, ba ya ƙara samun sababbi har ya mutu. Gashi ya kan ƙaru da kamar santimita 1 a wata, watau bai kai rabin inci ba.

Kowane tushe yana da lokacin aiki da lokacin hutu, kamar gona da damina da rani. Ya kan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsirar da gashi, sa'an nan ya tsaya, ya huta kamar wata 3, tsohon gashin ya faɗi, sabo ya fito a gurbinsa. A kowane lokaci kusan 9 cikin 10 na tusoshin suna aiki, sauran suna hutu. Don haka mai lafiya ya kan zubar da gashi 50 zuwa 100 kowace rana, ba tare da an ga giɓi ba. Matar da ta bar kitso mako uku, ran da ta zo tsifa sai ta ga gashi ya cika mataji, hankalinta ya tashi, alhali kuwa abin da ya faɗi ne cikin kwanakin nan duka, kitson ya riƙe shi. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne giɓi a kai, ko tsagar kitso ta yi faɗi, ko goshi ya riƙa ja da baya.

2. Me ke kawo sanƙo irin na maza?

Abu biyu ne su ke haɗuwa, gado da sinadarin mazakuta. A jikin namiji akwai wani sinadari mai suna testostiron, shi ke sa murya ta buɗe, gemu ya fito. Jiki ya kan juya wani kashi nasa ya zama wani sinadarin da ya fi shi ƙarfi, wanda likitoci ke kira DHT. Ga wanda ya gaji sanƙo, tusoshin gaban kai da na tsakar kai ba su jure wa DHT. Kowane zagaye sai tushen ya ƙanƙance, gashin ya fito siriri gajere, har daga bisani ya koma kamar na jariri, sa'an nan ya ɓace. Tusoshin ƙeya da na gefen kunne kuwa DHT ba ya yi musu wannan illa, shi ya sa ko tsohon da sanƙo ya cinye wa kai a kan gan shi da gashi zagaye da ƙeya. A riƙe wannan magana, domin a kanta aka gina aikin dashe duka.

Mutanen da sun lura cewa babanni ba su yin sanƙo. A 1942 wani masani a Amurka mai suna James Hamilton ya tabbatar da haka, ya nuna cewa namijin da aka dandaƙe kafin ya balaga ba ya sanƙo, amma in aka yi masa allurar testostiron, kuma akwai sanƙo a danginsa, sai gashin ya fara zuba. A 1975 wani likita, O'Tar Norwood, ya gyara ma'aunin Hamilton ya kasa sanƙo mataki 7, har yanzu da shi likitoci ke awo. Gadon kuwa ta wajen uwa da ta wajen uba duk yana zuwa. A cikin Turawa kusan rabin maza sun fara sanƙo kafin su wuce shekara 50, a cikin baƙar fata bai kai haka yawa ba.

Mata ma suna samun irin wannan, musamman bayan al'ada ta ɗauke, sai dai nasu gashin sirancewa ya ke yi a tsakar kai, da wuya ya share sarai.

3. Ashe ba rawani da hula ke kawo shi ba?

Ba su ba ne. Tushen gashi daga jini ya ke samun abinci da iskar da ya ke bukata, rufe kai ba ya shaƙe shi. Mutum ya yi shekara arba'in yana naɗi, in bai gaji sanƙo ba ba zai yi ba. Haka nan yawan aski ba ya sa gashi ya yi kauri ko ya fito da sauri. Wata masaniya mai suna Mildred Trotter ta auna wannan a Amurka a 1928, ta tarar aska ba ta canja komai ga tsirar gashi. Abin da ke sa a ga kamar ya yi kauri shi ne bakin gashin da aka yanke a dakushe ya ke.

4. Waɗanne cututtuka ne ke zubar da gashi?

Na farko, duk abin da ya jijjiga jiki ƙwarai, kamar zazzaɓin taifot, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko babbar tiyata, ko haihuwa, ko tashin hankali mai yawa. Tusoshi da yawa su kan shiga hutu gaba ɗaya, bayan wata 2 ko 3 gashi ya yi ta zuba. Mutum ya riga ya manta da zazzaɓin, sai ya zargi abin da ba shi ne ba. Irin wannan ya kan tsaya da kansa cikin kamar wata 6. Mai jego kuwa yawanci gashinta ya kan dawo kafin yaro ya shekara.

Na biyu, ƙarancin jini da ƙarancin abinci mai gina jiki. Yaron da tamowa ta kama gashinsa ya kan yi ja-ja, ya yi laushi, ya riƙa tsigewa ba wuya. Wannan abinci ya ke bukata da asibiti, man shafawa ba ya yi masa komai.

Na uku, lalacewar aikin halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Gwajin jini ke nuna ta, kuma tana da magani.

Na huɗu, tunjere ya kan tsitstsige gashi nan da can kamar gara ta ci tabarma. Kuturta kuma, in ta daɗe, ta kan zubar da gashin gira daga gefe. Duk wanda girarsa ke zuba, ga kuma wani tabo mai haske a jiki wanda ba ya jin taɓi, lalle a tura shi asibiti ba da jinkiri ba. Kuturta tana warkewa da ƙwayoyi na wata 6 ko 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da su kyauta. Akwai cibiyar koyar da aikin tarin fuka da kuturta a Saye, kusa da Zariya.

Na biyar, akwai wani ciwo da mutum kan wayi gari ya ga gashi ya share a wuri guda, kewayayye sumul kamar kwabo, ba ƙaiƙayi ba ƙuraje, wani lokaci a gemu. Jama'a su kan ce sammu ne ko shafar iska, har a zargi maƙwabci ko kishiya. Dalilinsa shi ne garkuwar jiki ce ta yi kuskure ta far wa tushen gashi. Yana samun kamar mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa, ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma da yawa gashin ya kan dawo da kansa cikin shekara guda. Likitan fata ya kan yi allura a wurin. Ga wanda abin ya yi wa tsanani, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar barisitinib a 2022, amma tana da tsada, kuma sai likita yana duba jini.

Na shida, magungunan sankara su kan zubar da gashi duka, amma yawanci yana dawowa bayan an gama shan su. Kada wannan ya sa maras lafiya ya guje wa magani.

5. Makeron kai fa, wanda ya yi yawa ga yara?

Wannan shi ya fi shafar aikin Hakimi, domin shi ke yaɗuwa. Makeron kai, wanda a waɗansu wurare a ke kira kora, wata ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, tana shiga cikin gashin ta ci shi har ya karye. Sai a ga farin kewaye mai ɓarɓashi a kan yaro. Ya fi yawa inda yara ke kwana a cunkushe, kamar makarantun allo da makarantun kwana, yana bin aska da kilifa da mataji da hula da matashin kai, wani lokaci kuma daga kyanwa ko maraƙi.

Tun da ƙwayar tana can cikin tushen gashi, man shafawa kaɗai ba ya kai mata. Sai an sha magani. Giriseyofulbin, wanda aka fara bai wa mutane a 1958, a kan sha shi mako 6 zuwa 8, kuma ya fi shiga jiki in an sha shi da abinci mai maiƙo. Akwai kuma tabinafin, wanda a kan sha kamar mako 4. Ma'aikacin lafiya ne zai auna yaro ya faɗi adadin. Kuskuren da iyaye su kan yi shi ne su tsayar da magani da zarar farin ya ɓace, sai ciwon ya dawo. Mafi muni kuma su ne masu kankare wurin da reza su zuba baƙin mai ko ruwan batir. Wannan ƙone fata ya ke yi, tushen gashi ya mutu. In kan yaro ya kumbura yana zubar da mugunya, a gaggauta kai shi asibiti, domin irin wannan ne ke barin sanƙon tabo.

6. Kitso yana iya cinye gashi?

Kitso ado ne, ba laifi gare shi. Laifin yana ga tsananin ja. In makitsiya ta ɗaure gashi har fatar goshi ta miƙe, mace ta kwana ba ta iya ɗora kai a matashi, ko ƙananan ƙuraje su fito a bakin tsaga, to tushen yana shan wahala. Shekara da shekaru a haka sai gashin goshi da na saman kunne ya ƙare. Ƙarin gashi mai nauyi da man miƙe gashi, wanda waɗansu irinsa akwai soda mai ƙuna a ciki, suna daɗa ɓarnar. Da farko in aka sassauta gashin yana dawowa, in aka daɗe kuwa ba ya dawowa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, saboda haka a fara kiyayewa tun daga kitson 'yan mata ƙanana.

Akwai kuma wani ciwo da ya fi samun mata baƙar fata, yana farawa daga tsakar kai yana faɗaɗa, fatar ta yi santsi tana sheƙi, wani lokaci da zafi ko ƙaiƙayi. Shi tabo ya ke yi a ƙarƙashin fata. Magani yana iya tsayar da shi, amma ba ya mayar da abin da ya riga ya tafi, don haka saurin zuwa asibiti shi ne riba.

7. Akwai maganin sanƙon gado wanda aka tabbatar?

Akwai guda biyu da aka daɗe da gwadawa, kuma dukansu ba don gashi aka fara yin su ba.

Na ɗaya minoksidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka amince da ita a Amurka a 1979. Sai aka lura masu shanta gashi yana fito musu, aka mai da ita ruwan shafawa, aka amince da shi a 1988. Akwai mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, akwai mai kashi 5. Maza da mata duk suna amfani da shi, ban da mai ciki da mai shayarwa. A fatar kai a ke shafa shi kowace rana. Cikin makonnin farko gashi ya kan ƙara zuba kafin sabo ya fito, wannan ba abin tsoro ba ne. Ba a ganin amfaninsa sai bayan wata 4 zuwa 6. Ya kan sa wa waɗansu ƙaiƙayi, mata kuma in ya zubo musu a fuska gashi na iya fitowa a wurin. Waɗansu likitoci su kan ba da ƙwayarsa kaɗan a sha, amma tun da tana taɓa jini da zuciya, haɗari ne mutum ya saya da kansa.

Na biyu finasterayid. An fara yinsa a 1992 domin kumburin nan da ke tare wa tsofaffi fitsari, a 1997 aka amince da ƙaramar ƙwaya mai miligiram 1 domin sanƙon maza. Aikinta shi ne rage DHT da kusan kashi biyu cikin uku. Ga mafi yawan masu sha zubar ta kan tsaya, waɗansu kuma gashi ya ɗan ƙaru, musamman a tsakar kai. Amma wajibi ne a faɗa wa mutum illarta kafin ya fara. A gwajin da aka yi, ƙasa da mutum 4 cikin 100 sun sami raunin sha'awa ko na mazakuta. Yawancinsu sun warware da suka daina, waɗansu kuwa sun ce abin ya daɗe musu. Hukumomin magani na ƙasashen Turai sun yi gargaɗi cewa tana iya jawo baƙin ciki mai tsanani har da tunanin kashe kai, wanda ya ji haka ya daina nan take ya ga likita. Mace mai ciki kada ta sha, kada ma ta taɓa fasasshiyar ƙwaya, domin tana iya ɓata halittar ɗa namiji a ciki. Dattijon da ke shanta kuma ya sanar da likita in za a yi masa gwajin jini na sankarar maza, domin tana rage alƙaluman gwajin da kusan rabi.

Sharaɗi guda ya haɗa magungunan nan biyu. Muddin ana amfani da su suna aiki, ran da aka daina sai gashin da suka riƙe ya zube cikin 'yan watanni. Kuma tushen da ya riga ya mutu ba su tashe shi. Mai niyyar farawa ya yi lissafin kuɗin shekaru, kada ya yi na wata guda. Akwai waɗansu hanyoyi, kamar allurar ruwan jinin mutum a fatar kansa, da hula mai jan haske, amma hujjarsu ba ta kai ƙarfin ta waɗannan biyu ba.

8. Man kaɗanya da karkashi da magungunan kasuwa fa?

Man kaɗanya da man shanu da karkashi suna sa gashi laushi, su hana shi karyewa, wannan amfani ne na gaske. Amma ba su hana DHT aikinsa. Kwalaben da a ke talla kuwa, duk wadda ba ta da lambar rajista ta hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ba a san abin da ke cikinta ba. Duk mai tallan da ya ce magani guda yana warkar da kowace irin zubar gashi, ko ya yanka kwanaki ya ce gashi zai fito, ya riga ya tona kansa, tun da gashi kamar santimita guda kurum ya kan ƙaru a wata.

9. Mene ne dashen gashi, kuma yaya a ke yinsa?

Manomin albasa da tumatir ya san dashe. Ya kan yafa iri a wuri guda, in ya fito ya cire da saiwarsa ya kai wani fili. Dashen gashi haka ya ke. A ciro tusoshi daga ƙeyar mutum a dasa a gaban kansa. Dashe ba ya ƙara yawan iri, wuri kawai ya ke sauya masa.

Wani likitan Japan mai suna Shoji Okuda ya bayyana wannan aiki a 1939, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya hana labarin yaɗuwa. A 1952 Norman Orentreich ya yi shi a birnin New York, a 1959 ya buga bayanin cewa tushen da aka ɗauko daga ƙeya yana riƙe halinsa na ƙeya ko ina aka kai shi. A zamaninsa a kan yanko fata mai faɗin milimita 4, gashin ya fito tsibi-tsibi kamar shukar dawa, kowa ya gane. Daga baya aka lura cewa gashi a ƙungiya ya ke fitowa, 1 zuwa 4 a wuri guda, sai aka koma dasa kowace ƙungiya ita kaɗai, aikin ya yi kama da halitta.

Hanya biyu ce a ke bi. Ta farko, wadda a ke kira FUT, a yanko siririyar fata daga ƙeya a ɗinke wurin, sa'an nan a rarraba tusoshin a ƙarƙashin madubin likita. Tana barin dogon tabo kamar zare, wanda a kan gani in an yi aski ƙwal. Ta biyu, FUE, wadda aka bayyana a 2002, a riƙa ciro ƙungiyoyin ɗaya-ɗaya da wani ɗan bututun ƙarfe mai faɗin kamar milimita 1. Ita kuma tana barin ɗigo-ɗigon tabo masu yawa. Babu dashen da ba shi da tabo.

Ba a sa mutum barci, allurar kashe zafi a ke yi a fatar kai. Aikin ya kan ci awa 4 zuwa 8, a dasa ƙungiya 1,500 zuwa 3,000 a zama guda. Kwana 10 zuwa 14 na farko ba a sosa wurin, ba a matse shi da hula ko rawani, kuma ya kamata a tambayi likita yadda za a yi da sujada da shafar kai wajen alwala. Cikin mako 2 zuwa 8 gashin da aka dasa zai zube, tushen ya tsaya. Sabo ya kan fara fitowa bayan wata 3 ko 4, ba a ganin ƙarshen aikin sai an shekara ko shekara da rabi.

10. Kowa ne zai iya yi?

A'a. Ƙeya rumbu ce mai iyaka, abin da a ke iya ɗiba daga cikinta a tsawon rai bai wuce 'yan dubbai ba, kuma wanda aka cire ba ya sake fitowa a can. Wanda sanƙo ya cinye wa kai duka, ƙeyarsa ba za ta iya rufe shi kamar na saurayi ba. Gashin wani mutum kuwa jiki ba ya karɓa. Gashin roba da a ke sokawa cikin fata ma an hana shi a Amurka tun 1983 saboda ruɓewa da tabo.

Likitoci masu amana ba su cika yi wa wanda bai kai shekara 25 ba, domin ba a san inda sanƙonsa zai tsaya ba. In aka dasa a goshi, tsohon gashin da ke bayansa ya ci gaba da zuba, sai a bar mutum da tsibiri a gaba da fili a baya. Shi ya sa yawanci a kan ce wa wanda aka yi wa dashe ya ci gaba da magani. Mai makero, da mai kewayayyen sanƙon nan na garkuwar jiki, da mai ciwon tabo wanda bai lafa ba, dashe ba nasu ba ne. Mai ciwon sukari ko hawan jini sai an daidaita masa su tukuna.

Akwai abu biyu da suka shafi baƙar fata musamman. Gashin da ke murɗe a waje, tushensa ma a lanƙwashe ya ke cikin fata, wanda bai saba da shi ba sai ya yi ta yanke tusoshi yana asararsu. Sa'an nan akwai masu jikin da tabo ke tasowa ya yi tudu. Wanda tsagar fuskarsa, ko wurin ƙaho, ko hujin kunne ya taɓa kumbura haka, ko mai ƙurajen ƙeya masu tauri, lalle ya faɗa wa likita, domin irin wannan tudu yana iya fitowa a inda aka yanka.

11. Mai niyyar tafiya waje, me ya kamata ya bincika?

Birnin Istanbul na Turkiyya, wanda mutanen da ke kira Santambul, ya yi suna da wannan aiki saboda sauƙin kuɗi, akwai kuma masu yinsa a Indiya da Masar da waɗansu biranen Nijeriya. Akwai ƙwararru a cikinsu, akwai kuma wuraren da sunan likita ke bisa ƙofa amma waɗanda ba likitoci ba ne ke yanka. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, wadda aka kafa a 1993, ta sha yin gargaɗi a kan haka. Araha ba ta ado. Ɓarnar da a kan gani ita ce a kwashe ƙeya fiye da kima, ko wurin ya ruɓe, ko a zana goshi a inda bai dace ba, ga shi mutum ya riga ya dawo gida ba mai duba shi.

Kafin a biya ko kwabo, a fara ganin likitan fata a gida ya tabbatar da irin zubar. Akwai su a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Sa'an nan a tambayi sunan likitan da zai yi aikin da hannunsa da shaidar rajistarsa, a nemi ganin aikin da ya yi wa baƙar fata, a ji ƙungiya nawa zai ciro, nawa za su rage a ƙeya, a kuma san wanda zai duba mutum in matsala ta taso bayan ya koma. A Nijeriya Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ce ke riƙe da rajistar likitoci.

Masu tambaya game da hukuncin addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a ƙasar Malesiya, ta lissafa dashen gashi ga wanda nasa ya zube cikin ayyukan gyaran jiki da suka halatta. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamai.

12. Mene ne aikin Hakimi da magatakarda a nan?

Na farko, Hakimi ya kira Sarkin Aska da wanzamai da masu shagon aski, ya ja hankalinsu a kan sabuwar reza ga kowane mutum, da wanke kilifa da mataji da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane aski. Wannan yana tare makero, yana kuma tare ciwon hanta da ke bin jini.

Na biyu, dagatai da masu unguwanni su roƙi alarammomi da shugabannin makarantu su riƙa duba kawunan yara. In aka ga makero ya yi yawa a wata makaranta, magatakarda ya rubuta sunan makarantar da yawan yaran, a aika wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, domin a yi musu magani gaba ɗaya. Ba a korar yaro daga karatu in ya fara shan magani.

Na uku, a isar da maganar sassauta kitso ga mata ta bakin ungozomomi da makitsa da malaman makarantun Islamiyya.

Na huɗu, mai tallan magani a kasuwa a nemi ya nuna lambar rajista, in babu a sanar da hukuma.

Na biyar, in aka kawo ƙarar sammu ko zargi saboda gashin wani ya zube, ko miji yana gorin matarsa, Hakimi ya tura mai abin asibiti kafin a ci gaba da magana. Sau da yawa takardar likita ta kan kashe rigimar.

Daga ƙarshe, a tunatar da samari cewa sanƙon gado ba ya rage lafiya, ba ya rage ƙarfi, ba ya rage mutunci. Wanda ya ga dama ya nemi magani ta hanyar da aka bayyana, wanda ya aske ya sa hularsa shi ma bai yi asarar komai ba. Abin da ba shi da kyau shi ne a sayar da gona ko shanu saboda alkawarin da mai yinsa ba zai iya cikawa ba. Ana roƙon magatakarda su karanta wannan takarda ga dagatai a taron wata, su kuma ajiye ta a ofis domin mai tambaya. Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, amin.